Hawan daskararren ruwa a tsaunukan Alps: Cogne ko Chamonix ga mai farawa?

Ɗan Zango

Assalamu alaikum jama'ar dandali. Mu uku ne a Torino, muna zuwa bangon atisaye na cikin ɗaki, mun iya ɗaura igiya mun iya riƙe wa juna ita, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa kafa gatari a ƙanƙara. Bana muna so mu gwada hawan ruwan nan da ke daskarewa a jikin duwatsu, wanda Italiyawa ke ce wa cascate di ghiaccio. Hutunmu kwana biyar ne, ko a Janairu ko a Fabrairu, kuma akwai mota.

An ce mana Chamonix ta Faransa ce uwar harkar, wani kuma ya ce mu tsaya a Cogne tunda nan kusa take. Wanne ya fi dacewa da mai farawa? Wane wata ne ƙanƙarar ta fi kyau? Kuma dole ne sai da jagora, ko abin da muka sani na igiya ya wadatar? Masana a taimaka mana dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Maigatari

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Zango. Ku tafi Cogne, a Janairu, da jagora. Ga dalili.

Sunan Chamonix daga manyan tsaunuka ya fito da kogunan ƙanƙara, ba daga ruwan da ke daskarewa a bakin kwari ba. Akwai wuraren koyo, irin La Crèmerie da ke kusa da Argentière, amma kaɗan ne kuma mutane sun yi musu yawa. Hanyoyin da suka fi kyau a can suna gefen kogin ƙanƙarar Argentière, kuma isa gare su kansa aiki ne. Ga kuɗin ratsa ramin Mont Blanc mai tsawon kilomita 11.6, ga tsadar masauki. Ku ajiye ta sai kun ƙware.

Cogne ƙauye ne a yankin Valle d'Aosta, a bisa mita 1,534, bakin gandun Gran Paradiso wanda aka kafa a 1922. Daga Torino kamar awa biyu ne a mota: babbar hanyar A5 zuwa yamma da Aosta, sai ku bi ta Aymavilles ku haura kwarin. A kewayensa akwai magangarun ruwa kimanin 150 da ke daskarewa, mafi yawansu a kwari biyu: Valnontey, da Valeille wanda ake shiga ta ƙauyen Lillaz. Kowanne kamar kilomita 3 ne daga tsakiyar Cogne. Abin da ya sa wurin ya dace da ku shi ne akwai kowane mataki a waje guda, kuma ƙauyen yana da tudu sosai, don haka ruwan yakan kama ko a shekarar da sanyi ya yi rowa.

Kafin sunayen hanyoyi, ku fahimci yadda ake auna wuyarsu. Za ku ga an rubuta WI da lamba. WI2 gangara ce kamar digiri 60, mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa. WI3 wajen digiri 70 ce, da 'yan guntayen wurare masu miƙewa, amma akwai inda za a huta. WI4 ta kai digiri 80 da mitoci da dama a tsaye cak. WI5 kusan duk zangon a tsaye yake, WI6 kuwa babu wurin hutu sam, sau da yawa ginshiƙi ne da ya rabu da dutse. Sai kuma lambar Romawa a gaba, I zuwa VI ko VII. Ita ba wuyar hawa take nunawa ba, tana nuna nisan wurin, wuyar saukowa, da haɗarin abin da zai iya faɗowa daga sama. Masu farawa sukan kalli WI su manta da ta Romawan, alhali ita ce ke faɗa maka ko za ka kwana a gida. Kuma lambar nan ta shekara mai kyau ce. WI3 a farkon Disamba, lokacin ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, tana iya fin WI4 ta tsakiyar Janairu wuya.

Hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce Cascata di Lillaz, WI3. Minti goma zuwa sha biyar daga inda ake ajiye mota. Zango-zango take, tsakanin zangunan akwai tafiyar ƙafa, kuma ana iya ficewa a koma gida daga wurare da dama, wanda babbar rahama ce ga wanda hannunsa ya mutu. Aibinta biyu ne. Na farko, babban rafi ne, ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙanƙarar duk tsawon hunturu. Inda kuka ji ƙarar ruwa ya yi ƙarfi, ko kuka ga ƙanƙarar ta yi duhu kamar gilashi, ɓawo ne kawai a kan rami, ku kauce gefe. Tafkunan da ke gindin kowane zango ma haka, kada a ratsa tsakiyarsu. Na biyu, cunkoso ranar Asabar da Lahadi.

Bayan ita, a Valeille akwai Pattinaggio Artistico, ita ma WI3, sai È Tutto Relativo da Chandelle Levure a matakin WI4. A Valnontey shahararriyar ita ce Patri, tafiyar fiye da awa ɗaya daga ƙauyen Valnontey kafin a isa gindinta, zangonta na ƙarshe ya rabu biyu, ɗaya ya fi ɗaya wuya. Wannan ita ce ta kwana na huɗu ko na biyar, in jagora ya ga ƙafafunku sun zauna. Can ƙuryar kwarin akwai Repentance Super, WI6, wadda Gian Carlo Grassi da François Damilano da Fulvio Conta suka fara hawa a 1989. Ita dai kallo za ku yi daga nesa.

Abu biyu da ke rikita baƙi. Littattafan hanyoyi suna kiran gefen kwari dama ko hagu ne bisa inda ruwa ke gangarawa, ba bisa inda kuka dosa ba. To ku da kuke haurawa, abin da littafi ya kira gefen hagu yana hannunku na dama. Tunda kwarin biyu daga kudu suke gangarowa arewa, wannan gefen hagun gabas yake kallo, rana tana dukansa da safe, ɗaya gefen kuma sai bayan azahar. Da wannan ake tsara lokacin fita. Na biyu, hukumar gandun takan rufe wasu hanyoyin ƙuryar Valnontey da hunturu, har da Repentance, saboda wata ungulu mai gemu da ke sheƙa a wurin, wadda suke kira gipeto. Akwai tara ga wanda ya keta, kuma masu gadin gandun suna zagayawa. Ku duba sanarwar shekarar kafin ku shiga.

Batun wata: daga ƙarshen Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ake hawa, amma mako na biyu na Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi tabbas. Ku ɗauki Litinin zuwa Juma'a.

Baban Ikram

Yaya Maigatari ya gama magana a kan Cogne, amma ban yarda a fara ranar farko a Lillaz ba. Mai koyo ba tsawon hanya yake buƙata ba, maimaici yake buƙata: ya hau mita 20, a sauke shi, ya sake hawa, sau goma a wuni. A Lillaz rabin wunin zai tafi a jiran layi, kana tsaye a gindi na sama suna yi maka ruwan ɓaraguzai. Guntun ƙanƙara mai girman faranti in ya faɗo daga mita 30, hular kwano ba ta hana shi karya ƙashin kafaɗa.

Tunda a Torino kuke, ga Ceresole Reale a kwarin Orco, ɗaya gefen gandun Gran Paradiso ɗin dai. Akwai wurin da ake kira X-Ice Park, inda ake sakin ruwa a jikin dutse da gangan don ya daskare, ana rataya igiya daga sama. Ku yi kwana biyu a irin wannan wurin, sannan ku wuce Cogne da kwana uku. In kuma kuna son ɓangaren Faransa, Ceillac a yankin Queyras ta fi Chamonix dacewa da ku nesa ba kusa ba: hanyoyin suna jere kusa da wurin ajiye mota, suna cikin inuwa, akwai masu sauƙi, akwai kuma Les Formes du Chaos mai WI4 ga wanda ya ci gaba. A L'Argentière-la-Bessée, kusa da Briançon, ana yin taron masu hawan ƙanƙara duk Janairu, da darussan masu farawa da kayan gwaji. Daga Torino ta Montgenèvre ake bi. Kandersteg ta Suwizalan kuwa ku bar ta tukuna, manyan hanyoyinta na gwanaye ne, aljihu ma sai ya shirya.

Amma maganar da ta fi zaɓen gari muhimmanci ita ce wannan: ruwan da kuke hawa ta kwazazzabo ya biyo, kuma duk abin da ya zame daga saman dutsen ta wannan kwazazzabon zai biyo. Kana iya kasancewa a kan ƙanƙara mai kyau, sama garau, alhali mita 500 a bisa kanka akwai gangara cike da dusar ƙanƙara wadda ba ka ganinta daga inda kake. Rana ta dake ta, ta saki, ta zubo ta kanka. Mai hawa ba shi da inda zai gudu, a ɗaure yake. Yawancin hanyoyin Valnontey da Valeille haka samansu yake. Lillaz tana cikin 'yan kaɗan da ba su da wannan matsalar sosai, shi ya sa duk ranar da aka yi sabuwar dusa kowa can yake tururuwa.

Don haka kowace yamma ku karanta sanarwar zaftarewar dusa. A Italiya AINEVA ke tattara ta, a Faransa Météo-France, a Suwizalan SLF. Ma'aunin 1 zuwa 5 ne. Kada lamba 3 ta ruɗe ku don tana tsakiya. A kanta ake samun kusan rabin haɗurran da ke cin rai, domin a 4 da 5 mutane suna zama a gida, a 3 kuwa sai su ce da sauƙi. Kuma kada ku tsaya a lambar, ku karanta bayanin: wane gefe, daga wane tsayi, wace irin dusa. Gangarar da ke tsakanin digiri 30 da 45 ita ce ke saki. Ku buɗe taswira ku ga abin da ke saman hanyar da kuka zaɓa. In an zuba sabuwar dusa mai yawa, ko iska ta kwana tana kwasarta tana jibgewa a bayan tudu, a bar duk hanyar da ke cikin kwazazzabo na kwana biyu ko uku. In iskar nan mai ɗumi da suke kira foehn ta taso, ka ga ma'aunin zafi ya haura sifili cikin dare, a fasa.

Kowane mutum ya ɗauki abu uku: na'urar ARTVA, wadda ke aika sigina don a gano wanda dusa ta binne, a jikinsa a kunne, ba a cikin jaka ba, da sandar bincike, da shebur na ƙarfe. Dokar Italiya ta wajabta su tun Janairun 2022 ga mai shiga inda ake fargabar zaftarewa. Kuma ku roƙi jagoran ya ba ku awa ɗaya ku gwada neman na'urar da aka binne. Wanda dusa ta rufe, bayan kamar minti 15 damar fito da shi da rai tana raguwa da sauri. Jirgi mai saukar ungulu ba zai iso cikin wannan lokacin ba, abokan tafiya ne za su tono shi.

Ita ƙanƙarar kanta tana da hali. Tsakanin digiri 1 da 8 ƙasa da sifili ta fi daɗi, gatari yana shiga da sara ɗaya kamar a ɗanyen itace. In sanyi ya wuce 15 ƙasa da sifili sai ta bushe ta yi gautsi, kowane sara ya ɓalle faranti. Mai launin shuɗi ko kore-kore ita ce mai ƙarfi. Fara fat mai kama da gishiri rana ta ci ta, sukurun da ake ɗaurawa a ƙanƙara don tare igiya ba ya riƙewa a cikinta sai an kankare an kai ga ta ciki. In ka sara ka ji ta amsa kamar ganga, ta rabu da dutse. Abin da mutane ba su cika sani ba: ginshiƙai ba da zafi kaɗai suke faɗuwa ba. In an yi kwanaki da ɗumi sai sanyi mai tsanani ya sauko dare ɗaya, ƙanƙarar tana tsukewa, ginshiƙin da ke maƙale sama da ƙasa ya tsage a kwance. Safiyar da ta fi kowace sanyi bayan ɗumi, ita ce ba a tsayawa a ƙarƙashin ginshiƙi ko haƙoran da ke rataye.

Jagora kuwa dole ne. A nemi mai shaidar UIAGM, wato ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, a Cogne akwai ƙungiyar jagorori. Ku sa ran abin da ya haura Yuro 300 a wuni, ku raba. A wurin igiyar sama zai ɗauke ku ku uku, amma a doguwar hanya yawanci mutum biyu yake ɗauka, ku tambaya tun wuri. Hanya mai araha ita ce CAI, ƙungiyar masu hawan tsauni ta Italiya, wadda a Torino ɗinku aka kafa ta a 1863. Makarantunta, irin ta Gervasutti, suna koyar da hawan ƙanƙara, sai dai guraben kaɗan ne, ana rufe rajista da wuri, kuma suna neman katin ƙungiya da takardar likita. Katin yana zuwa da inshorar ceto, don haka ko ba ku samu gurbi ba ku yanke shi.

Ɗan Zango

Allah ya ƙara sani, mun gode ƙwarai. To kaya fa, me za mu saya me za mu ɗauka haya? Sannan ɗaya daga cikinmu yana shiga gaba da igiya a bangon ɗaki har mataki mai wuya. Bayan kwana biyu da jagora, zai iya ja mana gaba a Lillaz mu rage kuɗi?

Maigatari

A'a, ƙanina. Kada ya ja gaba bana.

A bangon ɗaki faɗuwa wasa ce, igiya ta tare ka ka yi lilo. A ƙanƙara akwai ƙarafa masu tsini a ƙafarka. Ko mita biyu ka zame, haƙoran suna cafkar ƙanƙara, jiki ya ci gaba da tafiya, idon sawu ya karye ko mutum ya juye kai ƙasa, ga gatari biyu masu kaifi suna yawo tare da shi. Kuma a hanya mai sauƙi irin Lillaz abin ya fi muni, don akwai tudu-tudu da za a buga. Ƙarfin hannu da ya samu a bango yana iya zama masa tarko: zai riƙa jan jikinsa da hannu a kan gatarin da bai kafu ba, bai san bai kafu ba. Will Gadd, ɗan Kanada da ya hau daskararren Niagara a 2015, shawararsa ita ce mutum ya yi hawa wajen 150 da igiyar sama kafin ya fara shiga gaba. Ku lissafa nawa za ku samu a kwana biyar.

Kaya. Abin haya: takalmi, haƙoran takalmi da ake kira ramponi, da gatari biyu, wato piccozze. Jagorori da yawa suna haɗawa da su, shagunan Cogne da Aosta ma suna bayarwa. Takalmin ya zama mai tafin da ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, mai baki gaba da baya inda haƙoran ke kamawa. Ku gwada shi da safar da za ku sa, ku daki bango da ƙafa: in yatsa ya taɓa gaba, ya yi kaɗan. In diddige yana ɗagawa a ciki, ya yi yawa, ƙwaurinku zai ƙone cikin minti biyar. A daidaita haƙoran da takalmin tun a masauki da dare, ba a fafe gora ranar tafiya. Haƙoran da suka kwance a tsakiyar zango, kusan kullum daga rashin daidaitawa ne ko dusa da ta cushe bakin takalmin.

Abin saya: ɗamarar ƙugu da hular kwano in ba ku da su, ku tabbata ɗamarar tana zagaye kayan sanyi. Safar hannu ƙafa uku: biyu marasa kauri na hawa, ɗaya mai kauri na tsayuwa. Wadda ba a sa ba a ajiye ta cikin riga a jikin ƙirji. Babbar rigar sanyi da ake ɗorawa a kan komai da zarar an tsaya, a cire in za a hau. Tabarau mai haske don ɓaraguzai, tocilan ta goshi, da filas. Kada a sa auduga a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. A tafiyar zuwa gindin hanya ku rage kaya har ku ɗan ji sanyi, wanda ya isa a jiƙe da gumi ya gama shan wahalar ranar.

Yadda ake hawan, a taƙaice. Gatari ɗaya a sama, ƙafafu biyu a buɗe daidai da juna a ƙarƙashinsa, kamar duwatsun murhu. Ka sara, ka rataya da miƙaƙƙen hannu, ka kalli ƙasa ka ɗaga ƙafafu da ƙananan taku, ka miƙe ka manna ƙugu da ƙanƙara, sannan ka sara ɗayan sama da na farko. Kada a kafa gatari biyu kafaɗa da kafaɗa, faranti ɗaya zai iya ɓallewa da su duka. Saran daga gwiwar hannu yake fitowa, a ƙarasa da wuyan hannu, ba ƙarfi ake so ba kamar faskare. A nufi inda ya lotsa, ba inda ya kumbura ba, kumburin shi ke fashewa. Kafaffen gatari yana da sautinsa, wani dum mai nauyi da za ka ji har a hannu. Wajen cirewa a girgiza shi sama da ƙasa, in aka murɗa gefe bakin yana karyewa. Kuskuren kowane sabo shi ne ɗaga diddige don tsoro. Da ka ɗaga, haƙoran gaba sun fice. Diddige ƙasa kaɗan, ko da zuciya ba ta so.

Sukurori ba naku ba ne bana, amma ku sa ido ku ga yadda jagora ke yi, don ku ne za ku cire su. Tsawonsu daga santimita 10 zuwa 22, mai ja gaba yakan ɗauki goma zuwa sha biyu, yawanci masu 13 da 16 ko 17. Yana kankare ruɓaɓɓiyar ƙanƙarar sama, ya ɗaura a daidai ƙugunsa, a miƙe ko bakin ya ɗan kalli sama kaɗan, domin zaren da ke kewaye da jikin sukurun ne ke riƙewa. In yana murɗawa garin ƙanƙara ya daina fitowa ta cikin bututun, ya faɗa iska ke nan, sai ya canza wuri. Kai mai cirewa, ka busa ko ka girgiza ƙanƙarar da ke cikin bututun ta fita nan take, in ta daskare a ciki sukurun ya tashi aiki. Kada a buga shi a jikin gatari, zaren yana lalacewa. A turke, wato inda ake tsayawa a ɗaure a ƙarshen zango, sukuru biyu ake sawa, ɗaya sama da ɗaya, kuma a gefe, ba a ƙarƙashin inda na gaba zai hau ba.

Wajen saukowa za ku ga Abalakov, sunan wani ɗan Tarayyar Sobiyat ne, Vitaly Abalakov. Da sukuru mafi tsawo ake huda rami biyu masu karkata kamar digiri 60 su haɗu a ciki, tazarar bakinsu kusan tsawon sukurun, a zura igiya mai kaurin milimita 7 a jawo ta da ƙugiyar waya, a ƙulla. A ƙanƙara mai kyau yana da ƙarfi ƙwarai. Ana sa sukuru ɗaya a matsayin kariya har sai na ƙarshe zai sauko. Wanda kuka tarar wani ya bari, kada ku amince masa da ido: rana tana cin bayansa, wani lokacin ma guntuwar igiya ce kawai ta daskare a ciki ba ƙulli. Igiyoyin hawa biyu ne masu mita 60, waɗanda ba sa shan ruwa, kuma a ƙulla ƙarshensu kafin a zuraro.

Uwar Hanifa

Sannunku da ƙoƙari. Malam Ɗan Zango, akwai abin da jagora Bature ba lallai ya tambaye ku ba, ku ne za ku faɗa masa.

Kowannenku ya san rukunin jininsa na sikila kafin tafiya. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, a Nijar da Gana ma abin ba baƙo ba ne. Mai SS ko SC, sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki duk masu tayar da ciwo ne, ga tudu, wannan wasan ba nasa ba ne sai likitansa ya amince. Mai AS yawanci lafiya lau yake hawa, amma an san saifa tana iya toshewa a wuri mai tudu, musamman daga wajen mita 2,000 zuwa sama, in an haura da sauri kuma aka yi aikin ƙarfi babu shan ruwa. Alamarta ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokacin har kafaɗar hagu, da amai. In haka ta faru a sauko, a je asibiti, a faɗa musu AS ne. Ƙauyen Cogne bai kai wannan tsayin ba, amma saman hanyoyi irin Patri ya kai. Inda ya fi buƙatar hattara shi ne motar igiya ta yawon buɗe ido: Skyway ta Courmayeur tana kai mutum mita 3,466, ta Aiguille du Midi da ke Chamonix mita 3,842, cikin mintuna.

Sai cin sanyi a yatsu. Littattafan Turawa suna cewa fata za ta yi ja sannan ta yi fari, a baƙar fata ba haka ake gani ba. Ku duba tafin yatsa da ƙarƙashin farce: toka-toka, tauri kamar kyandir, da rashin ji. Rashin jin shi ne babbar alama. Yatsan da ke ciwo yana da rai, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Tun da wuri a sa hannu a hammata, a wujijjiga hannaye, a sassauta igiyar takalmi. In jini ya dawo za a ji zafi mai sa hawaye har da tashin zuciya na 'yan mintuna, wannan ba komai, yana wucewa. In kuwa wurin ya riga ya daskare, kada a murza, kada a goga dusa, kada a kanga a wuta ko hitar mota, fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake sawa, kamar rabin awa, kuma sai an isa inda ba zai sake daskarewa ba. Cire zobe tun kafin kumburi. Sannan asibiti a ranar, ba gobe ba. Lambar gaggawa 112 ce, amma a ƙuryar kwari waya takan rasa sabis, sanyi kuma yana shanye batir, a ajiye ta a aljihun ciki.

Ku zaɓi Janairu don wani dalilin ma: azumi yana faɗowa cikin Fabrairu a 'yan shekarun nan, wajen 18 ga wata a 2026, wajen 8 ga wata a 2027. A sanyi mutum ba ya jin ƙishi alhali numfashi kaɗai yana kwashe masa ruwa, jikin da ba ruwa ba abinci kuwa shi ne sanyi ke fara ci. Lita ɗaya da rabi na shayi mai sukari ga kowa, da dabino da gyaɗa a aljihun ciki don kada su zama dutse. A yi alwala kafin a fita, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, azahar da la'asar a hanya za su same ku. A gidan abinci kuma ku tambaya: polenta da cukun Fontina ba matsala, amma lardo kitsen alade ne, kofin nan na gargajiyar Aosta da ake zagayawa da shi a ƙoƙon katako kuma da giya ake haɗa shi.

Baban Ikram

Hajiya ta tuna mana abin da muka tsallake, Allah ya biya. Ƙari kaɗan kan hanya. A Valle d'Aosta dole ne tayar hunturu ko sarƙa a mota daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, kuma ku gwada ɗaura sarƙar a gida da rana, ba a bakin hanya cikin duhu ba. In motar ta dizal ce ku sha mai a Aosta, nasu an haɗa shi don sanyi, wanda aka sha a ƙasa yana iya yin kauri cikin dare ta ƙi tashi. In za ku bi jirgin ƙasa, an rufe layin Ivrea zuwa Aosta a Janairun 2024 don aikin lantarki aka sa bas a madadinsa, ku duba halin da ake ciki. Ambaliyar ƙarshen Yunin 2024 ta yi ɓarna sosai a Valnontey, ta taɓa gadoji da hanyoyin ƙafa, saboda haka tsohon littafi zai iya nuna muku mashigar da babu ita yanzu, ku tambayi ofishin jagorori. Kuma a cikin kwarin akwai layin masu gudun kan dusa da aka gyara da inji, kada ku taka shi da takalmi, hanyar masu ƙafa tana gefe da alamarta.